Zango Uku da Burauza Ɗaya: Daga Ayarin Gwanja zuwa Ranar da Aka Yanke Rezo a Kwatano

Ranar Lahadi 28 ga Afrilu 2019 aka yi zaɓen 'yan majalisar dokoki a Jamhuriyar Benin. Jam'iyyu biyu kaɗai aka bari suka shiga, Union Progressiste da Bloc Républicain, dukkansu kuwa magoya bayan Shugaba Patrice Talon ne. Tun tsakar dare WhatsApp da Facebook da Twitter suka daina buɗewa. A unguwar Zango ta Kwatano, inda ɗan canji da dillalin mota da mai jiran kaya daga tashar jirgin ruwa duk da saƙon murya suke ciniki, abin ya zo kamar an garƙame ƙofar kasuwa. Samari suka rufu a kan VPN, sai aka toshe shafukan wasu kamfanonin VPN ɗin su ma. Kafin rana ta yi tsaka aka yanke intanet gaba ɗaya, bai dawo ba sai washegari. Ƙungiyar NetBlocks mai sa ido kan irin wannan katsewa ta rubuta yadda abin ya faru mataki-mataki.

Dama an fara jin ƙamshin abin tun Satumban 2018, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin dala ɗaya, wato sefa 5, a kan kowane mega na shafukan zumunta. Matasa suka yi ca, aka janye harajin ranar 22 ga watan. Daga waɗannan abubuwa biyu ne tambayar ta fara yawo a majalisun shayi: wace burauza ce mutum zai yi amfani da ita ba a gane shi ba?

Abin da ke wayoyinmu a shekarun nan Opera Mini ce da UC Browser, don sun fi tattalin mega. Opera Mini tana rage nauyin shafi ne ta hanyar bi da shi ta kwamfutocin kamfaninta, su matse shi sannan su miƙo maka. Arha ta samu, amma duk inda ka leƙa kamfanin yana tsakiya. UC Browser kuwa, a 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna tana fitar da lambar shaidar waya da bayanin inda mai ita yake ba tare da cikakkiyar kariya ba. Sai kuma tagar sirri ta Chrome, wadda mutane da yawa suka ɗauka layar zana ce. Aikinta kawai ta goge tarihin bincike daga wayarka, ƙaninka da ya ari wayar ba zai gani ba. MTN ko Moov da shafin da ka shiga duk suna ganin ka. A 2024 Google ya amince ya goge ɗimbin bayanan da ya tara daga masu amfani da wannan taga, don a kashe wata ƙara da aka shigar a Amurka.

Hanyar ɓad-da-sawu ta gaskiya asalinta daban ne, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane ta. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa Nikki da Parakou da Djougou, duk a arewacin Benin ta yau, kafin ya kai Salaga a ƙasar Gwanja. Kowane wurin kwana zango ne, kuma daga nan unguwarmu ta samo suna. Mai masauki ya san daga wane zango baƙinsa suka taso, ya san wanda za su sauka gobe. A tsakiyar shekarun 1990 wasu masana uku a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, suka tsara wa saƙon intanet irin wannan tafiya, sai dai suka taƙaita sanin kowane mai masauki. Saƙo zai bi zango uku. Na farko ya san ka amma bai san inda za ka ba, na ƙarshe ya san inda saƙon zai sauka amma bai san wanda ya aiko ba, na tsakiya bai san ko ɗaya ba. Ana naɗe saƙon cikin makulli uku, kowane zango ya ɓare ɓawo ɗaya, shi ya sa suka kira shi tafiyar albasa. Syverson da Roger Dingledine da Nick Mathewson suka fito da Tor a 2002, aka kafa ƙungiyar Tor Project a 2006.

Mai karatu zai ce, kayan sojan Amurka ne za mu amince wa? Tambayar a kan hanya take. Dalilin da ya sa suka sakar wa duniya shi ne ainihin sirrin abin: in jami'an gwamnati ne kaɗai ke bin hanyar, duk wanda aka gani a kanta an san ko wane ne. Sai an cika ta da ɗan jarida da ɗalibi da ɗan kasuwa kafin ta ɓoye kowa.

To, a nan zaɓen burauza ya shigo. Da farko mutane kan haɗa burauzar da suka saba da ita da hanyar Tor, sai aka lura burauzar ce ke tona asiri. Kowane shafi yana iya tambayarta girman fuskar na'ura, harshen da aka saita, agogon ƙasa, da nau'o'in rubutun da ke ciki. In aka haɗa amsoshin sai su zama kamar tsagen fuska. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya gwada burauza sama da 470,000, ya samu fiye da kashi 83 cikin ɗari ba su da tamka a cikin taron. Ka yi tunanin waya a Kwatano mai harshen Faransanci, da madannin Larabci, da haruffan Hausa masu lanƙwasa: ko ta bi zango goma, an san ta. Saboda haka tun 2008 aka fara haɗa Tor da burauzarta ta musamman, wadda aka gina a kan Firefox, aka yi wa duk masu amfani da ita anko. Wanda ya ƙara mata wata manhaja don ƙawa ya fita daga ankon da hannunsa.

A ganina wannan ya isa a fifita Tor Browser a kan masu kwaikwayonta. Brave ta sa tagar Tor a 2018, amma a farkon 2021 aka gano tana fallasa sunayen shafukan albasa da mutum ya nema. Ita ma Tor Browser ba waliyiya ba ce. A Agustan 2013 hukumar FBI ta bi ta wata ɓaraka a Firefox 17 ta gano waɗanda ba su sabunta tasu ba. A Disambar wannan shekara wani ɗalibin Harvard ya aika barazanar bam ta Tor don a fasa jarrabawa. Aka duba waɗanda suka hau Tor ta rezon makarantar a wannan lokaci, aka same shi. Kamfanin layi ba ya ganin inda ka je, amma yana ganin ka shiga ayarin, sai in ka bi ta ɓoyayyun ƙofofin da ake kira gada. A garin da ake farautar 'yan damfarar intanet, waɗanda nan ake ce wa gayman, wannan ma abin lura ne ga mai gaskiya.

A ranar zaɓen nan ta 2019 cikakkiyar Tor Browser ta Android ba ta ma fito ba, sai 21 ga Mayu. Da ta fito ɗin ma, da ta yi amfani da asuba, amma da aka yanke layin babu zangon da za ta bi. Kuma rayuwar Zango a WhatsApp take, wanda ke ɗaure da lambar waya, lambar kuma da katin shaida aka yi mata rajista.

Mu ma'aikatan rediyo da sunanmu muke magana, burauza ba ta ɓoye mu. Ignace Sossou da sunansa ya wallafa kalaman wani mai gabatar da ƙara a Disambar 2019, aka kama shi ranar 20 ga watan a ƙarƙashin dokar intanet ta 2018, aka yanke masa wata 18, kotun ɗaukaka ƙara ta rage, ya fito ranar 24 ga Yunin 2020. Wanda burauzar ke karewa shi ne mutumin da zai turo wa ɗan jarida takarda daga ofis, ko mai son karanta labarin da aka toshe. Don irinsu ne Facebook ya buɗe adireshin albasa a 2014, BBC ma ta buɗe nata a Oktoban 2019, wata shida bayan zaɓen.