Yadda lissafi ya gano asalin dutse

Tun kafin a san ƙira, mutanen da sukan fasa wani baƙin dutse mai sheƙi kamar kwalba, su yi wuƙa da kan kibiya. Sunansa obsidiyan, kuma daga duwatsu masu aman wuta yake fitowa. Masu binciken tarihi sun daɗe suna tsintar irin waɗannan kaya nesa da inda dutsen yake samuwa. Daga ina aka ɗauko su? Duba da ido kaɗai ba ya ba da tabbaci, don duwatsun wurare dabam-dabam sukan yi kama.

A 1964, Johnson Cann da Colin Renfrew a Ingila suka auna sinadaran da ke cikin obsidiyan na yankin Bahar Rum. Da suka zana yawan bariyom da zirkoniyom a takarda, sai duwatsun kowane wuri suka taru gefe guda. Lamba biyu ido yana iya binsu. To, in na'ura ta ba da goma ga kowane dutse fa?

Wannan matsala Bruce Kowalski da abokan aikinsa suka tunkara a Amurka a 1972. Suka ba kwamfuta awon sinadarai goma na obsidiyan daga wurare huɗu na arewacin Kalifoniya, ta fitar da alamar kowane wuri ta hanyar ƙididdiga. Sannan suka ba ta awon kayan da aka tsinta, ta jingina su ga wuraren da suka fi kama da su. A 1974, Kowalski da Svante Wold na ƙasar Suwidin suka kafa ƙungiyar duniya ta wannan fanni, wanda Wold ya raɗa wa suna kemometri.

Sai dai akwai tarko: in dutse ya fito daga wuri na biyar da ba a nuna wa kwamfuta ba, tana iya cusa shi inda ba nasa ba. Dabarar SIMCA da Wold ya fitar a 1976 tana iya cewa samfurin bai shiga kowane rukuni ba.

Malamai da iyaye, ƙasarmu tana da yuraniyom a Arlit da man fetur a Agadem, kuma lambobi ne ɗakin gwaji ke fitarwa daga kowane samfuri. Yaron da ke son kimiyya amma yake gudun lissafi, wani ne zai karanta masa sakamakon awonsa.