Halo: kiɗan da ya kama ni a Daura

1/ Jama'a, yau ga tarihin gem ɗin da ya kusa cinye min jarabawar gama sakandare. Sunansa Halo. Ba harbe-harben ne suka kama ni ba, kiɗan ne. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ A zamaninmu gidajen gem na Daura ƙwallo ce kawai da dambe a PS2. Sai wani yayanmu ya dawo daga Kano da Xbox 360 da Halo 3. Muna cikin bugawa sai muryoyin maza suka tashi a hankali, can kuma ganguna suka shigo. Wallahi ɗakin tsit ya yi.

3/ Daga ranar na zama ɗan gida. Kuɗin tarana ya koma na man janareta. Ana darasi a aji, ni kuwa kiɗan ke yawo a kaina. Sai da Baba ya ga sakamakon zango na biyu, ya kafa min doka: babu gem sai an gama jarabawa. Allah Ya saka masa.

4/ To daga ina kiɗan ya fito? Kamfanin Bungie na Amurka ne ya ƙirƙiri Halo. A Yulin 1999 Steve Jobs ya fara nuna shi a taron Macworld a New York. Martin O'Donnell, wanda a da kiɗan talla yake yi, shi da abokin aikinsa Michael Salvatori suka haɗa taken cikin 'yan kwanaki.

5/ A 2000 Microsoft ta saye Bungie, Halo ya fito a Xbox a Nuwamban 2001. Labarin na shekarar 2552 ne: soja Master Chief yana kare bil'adama daga rundunar wasu halittun sararin samaniya, Covenant.

6/ Halo 2 ya fito a 2004, ranar farko kaɗai ya kawo dala miliyan 125. Abin da ya ba ni mamaki: da yaƙin ya sauko duniya, a New Mombasa ta ƙasar Kenya ya sauka. Halo 3 na 2007 ma ya ratsa Tsavo da Voi. Ashe akwai Afirka a cikin gobe.

7/ Sirrin kiɗan shi ne ba a tsaye yake ba. An yanka shi gunduwa-gunduwa, gem ɗin na sauya shi daidai da abin da kake yi. Kana laɓe ya lafa, maƙiya sun ɓullo ya taso. Wani lokacin a bar ka da shiru.

8/ Sai a wani Hawan Magajiya na gane na san wannan dabarar tun ina yaro. Kafin ka hango Sarki, kakaki ya riga ya gaya maka. Makaɗan fada ma kallon fili suke yi: tafiyar doki da kiɗanta, jafi da nasa. Mu ma muna da shi, ba mu dai ɗauke shi a bakin komai ba.

9/ Kuma ku dubi labarin Kusugu: baƙo ya iso da dare, macijiya ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ga takobi, ga Daurama a fada. Fisabilillahi wannan bai isa gem ba?

10/ Masu kakaki da algaita da tambari tsufa suke yi, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'in. Masu koyon kwamfuta a Poli ta Daura da masu situdiyo, ku je ku naɗi sautin nan da izininsu, ku biya su haƙƙinsu, ku rubuta sunan kowane kiɗa da lokacin da ake yin sa.

11/ Ni dai na ci jarabawar da ƙyar, har yau kuma da kiɗan Halo nake aiki. Kai fa, wane gem ne kiɗansa ya ƙi fita daga kanka?