Daga Tukubar Mai Tsire Zuwa Teburin Mai Shayi: Asalin Cin Abincin Dare a Waje a Ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram bayan sallar isha'i, daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri, ya gifta Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, abu ɗaya zai yi ta gani a bakin kwalta: tebur da benci biyu, gwangwanayen madara an jera su, ruwa yana tafasa a kan garwashi, can gefe kuma mahauci yana juya nama. Ko a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, irin na karkarar Gidan Sori, da wuya kasuwa ta ci ta watse ba a ga mai shayi da mai nama ba. Yaran yanzu sun tashi sun tarar da abin, sai su ɗauka haka yake tun kaka da kakanni. Alhali yawancin kayan da ke kan teburin nan baƙi ne, zaman kansa ma an daɗe ana yi masa kallon abin kunya.

A al'adar Bahaushe, magidanci a gida yake ci. In ya fita da tuwonsa, iyakarsa zaure ko ƙofar gida, inda maƙwabta kan haɗa akusa su yi ciyayya. Wanda aka gani tsugune a kasuwa yana cin abin saye, to ko tuzuru ne, ko gwauro, ko kuwa uwargida ta yi yaji. Mutum ɗaya ne wannan gori ba ya hawa kansa, shi ne matafiyi. Saboda haka a zango da kasuwa sana'ar ta fara, wurin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da ayarin Abzinawa masu kawo gishirin Bilma.

Turawan farko da suka ratsa ƙasar Hausa sun bar mana shaida. Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya, ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya bayyana abin da ya gani kusa da mahauta: wuta ce a fili, an kewaye ta da tsinkaye, a jikin kowane tsinke an jera ƴan yankan nama, tsoka da kitse bi da bi. Ko ba a faɗa ba, tukubar tsire ke nan kamar yadda muka san ta. Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne wadda ya ce tana raba wa masu saye: mace ce, da faifai a kan cinyarta, mutane sun tsuguna sun kewaye ta. A watan Janairun 1851 kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya yada zango a Tasawa kafin ya biyo ta Gazawa zuwa Katsina. A kasuwar Tasawa ya ɗanɗana tuwon magarya, ya kuma yi mamakin ganin ƙorai cike da gasasshiyar fara ana sayarwa. Har gobe fara tana nan a kasuwannin jihar Maraɗi, da yajinta.

Sai dai cin abincin kasuwa da rana daban, zaman hira da dare a bakin hanya daban. Shekarun da suka biyo bayan jihadi ba su ba da wannan sarari ba. Katsinawan da suka rasa birninsu wajen 1807 sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, aka yi ta kai hari ana ramawa tsakaninsu da daular Sakkwato. Mutane suna cikin ganuwa, dare kuwa ba na yawo ba ne. Sai a farkon ƙarni na 20, da yaƙe-yaƙen suka kwanta a ƙarƙashin mulkin Faransa, manoma suka bazu cikin daji suna saran gonaki da kafa sababbin ƙauyuka.

Gyaɗa ce ta sauya komai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma ba a jima ba ƙasar Maraɗi ta shiga ciki, ana kwasar amfaninta zuwa Kano, daga can sai tashar jirgin ruwa ta Ikko. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, alhazan Maraɗi suka taso a matsayin masu saye. Bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 aka mai da garin kan tudu, ya yi ta faɗaɗa. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin. Abin da ya shafe mu a nan shi ne irin mutanen da lokacin awon gyaɗa yake tarawa: ƴan dako, masu awo, direbobi da yaran mota, ƴan cirani daga arewa. Duk maza ne da suka baro iyali, da ɗan kuɗi a aljihu, ba wadda za ta tuƙa musu tuwon dare. Su ne kwastomomin farko na zaman dare a bakin hanya. Ita gyaɗar ma ta shiga cikin abincin kai tsaye, domin ƙuli-ƙulin da mata ke toyawa bayan sun matse mai shi ake dakawa a yi yajin tsire da na kilishi. Da gyaɗa da barkono duka daga nahiyar Amurka jiragen Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka, don haka ɗanɗanon da muke alfahari da shi ma asalinsa baƙo ne.

Shayi kuwa ta hanya biyu ya shigo, kuma har yanzu ba su haɗe ba. Na farko koren ganye ne daga ƙasar Sin, wanda ya watsu a Maroko a ƙarni na 19, ya ƙetaro hamada a hannun Larabawa da Buzaye. Shi ne ake dafawa a ƙaramar buta a kan ɗan murhun waya, a sha a ƴan ƙananan kofuna sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Wannan ba a cika sayar da shi don ƙoshi ba, na hira ne. Na biyu shi ne na kantin Turawa: baƙin ganye irin na Lipton, garin kofi na Nescafé wanda aka fara yi a 1938, madarar gwangwani, sukari, da burodi. Shi ne ya haifi teburin mai shayi, inda ɗan dako zai karya da asuba, direba ya tsaya da tsakar dare.

Irin wannan haihuwa ba a nan kaɗai aka yi ta ba. A Japan akwai ƙananan wuraren ci da sha da ake kira izakaya, inda ma'aikata kan taru bayan an tashi aiki, a yi ta kawo ƴan ƙananan farantai ana ci tare ana hira. Asalinsu birnin Edo ne, wato Tokyo ta yau. Bayan babbar gobarar 1657, leburori sun yi ta kwarara don sake gina birnin, har a ƙarni na 18 jama'arsa ta kai wajen miliyan ɗaya, maza sun fi mata yawa ƙwarai. Masu sayar da giyar shinkafa suka fara barin mai saye ya sha a nan take, daga baya suka ƙara da abin taɓawa. Bayan yaƙin duniya na biyu, naman kaza da kayan ciki da ake tsirewa a tsinke a gasa a kan gawayi ya zama abincin irin waɗannan wurare. Dalilin dai ɗaya ne da namu: gari ya cika da mazan da ba su da murhu. Bambancin shi ne abin da ke cikin kofi. A kwarin Maraɗi ma Anna, masu bin addinin gargajiya, sun san giyar hatsi, amma da Musulunci ya game ƙasa, shayi ne ya gaji wannan mazauni, shi ya sa malami da ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu za su iya haɗa benci ba mai jin nauyi.

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya karya gyaɗa, amma bai karya teburin ba, don cinikin kan iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya ya ci gaba da tara motoci da mutane. A shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991 da karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, samari masu takardu ba aiki suka yi yawa. Daga Damagaram al'adar fada ta bazu zuwa sauran garuruwa: samari su shimfiɗa tabarma a bakin titi, su ɗora buta, su kwana muhawara. Fada ba ta kashe wa mai shayi kasuwa ba, ta dai saba wa matasa da raba dare a waje.

Baƙo na baya-bayan nan shi ne Indomie. Wani ɗan kasuwa a Japan, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro taliyar da ake dafawa nan take a 1958, wani kamfanin Indunusiya ya yi tasa, wato Indomie, ta shigo Najeriya a 1988, aka kafa masana'antarta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Daga can ta haura arewa ta tsallako iyaka. Da ita da wainar ƙwai suka mai da teburin shayi cikakken wurin cin abincin dare, har magidancin da kakansa zai ji kunyar tauna a kasuwa yanzu yana zaune yana cewa a sa masa ƙwai biyu, a ƙara yaji, a rubuta a littafi sai ranar kasuwa. Wannan littafin bashi, a ganina, shi ne ginshiƙin sana'ar. Mai shayin da bai iya ba da bashi da karɓo shi cikin mutunci ba, ba ya shekara a wuri ɗaya.

Abin da ya ɓace a hanya shi ne mace a mazaunin mai masauki. Fura da ƙosai da waina da dambu har yanzu daga hannun mata suke fitowa, ƴan mata ke tallarsu, kuma ƙuli-ƙulin yajin mahauci aikinsu ne. Amma tukuba ta zama ta Rundawa, wato mahauta, da yaransu, tebur ya zama na maza, in dare ya yi kuwa mace takan aiko yaro ne a ƙunso mata a takarda.