Atlas

Atlas (suna, namiji). A tatsuniyoyin Girkawa, ƙato ne ɗan Iyafetus, wanda Zeyus, sarkin allolinsu, ya ɗora wa sama a kafaɗa bayan ƙattin farko sun sha kaye a yaƙi. Masana da yawa suna danganta sunan da kalmar Girkanci *tlenai*, wato jure nauyi.

Romawa sun ari sunan suka sa shi a rukuni na uku na sunayen Latin. In shi ne mai aikin, *Atlas*. In mallaka ake nufi, *Atlantis*, wato na Atlas. In a kansa aikin ya faɗa, *Atlantem*, ko *Atlanta* irin na Girkanci. Saiwar ke nan *Atlant-*, kuma ita ta haifi sifar *Atlanticus*.

Daga nan muka sami Tekun Atlantika, inda ruwan Rima da ya ratsa Goronyo da Wurno yake ƙarewa bayan ya bi ta kogin Kwara. Duwatsun Atlas na Maroko ma sunansa suke ɗauke da shi. Littafin taswirori na Makato mai zanen taswira, da ya fito a 1595 da sunan Atlas, shi ya sa ɗalibi a Giyawa yake kiran nasa littafin atlas.