Barista, SAN da Esq.: Daga Ina Laƙabin Lauyoyi Ya Samo Asali?

 Yau kotu za mu leƙa, amma fa ba ƙara muka kai ba. Tarihin laƙabin lauyoyi nake so mu bi, domin a ƙasar nan da zarar an ce "Barista wane", sai ka ga kowa ya gyara zama, ba mai tambayar me kalmar take nufi.

Mu fara daga Ingila. A can aikin lauya kashi biyu ne. Akwai solisita, wanda yake zama da mai ƙara, ya rubuta yarjejeniya, ya shirya takardu. Akwai kuma barista, wanda yake tsayuwa gaban alƙali a manyan kotuna ya yi magana. Kafin mutum ya zama barista sai ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple. Kun ga ke nan barista sunan sana'a ne, kamar a ce tela ko maƙeri.

Lauyan Najeriya na farko, Christopher Sapara Williams, a Inner Temple aka rantsar da shi a 1879. Mu a Arewa sai a 1955 muka samu namu na farko, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori. Mace ta farko daga Arewa kuwa ita ce Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012.

A 1962 aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, aka daina dogaro da Landan. Yanzu har reshe gare ta a Bagauda, jihar Kano. Sai dai mu ba mu raba aikin biyu ba. Duk wanda aka rantsar, ana rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita lokaci guda. To wanda ya kira kansa Barista kawai, ai rabin aikinsa ya faɗa. Shi ya sa a wani hukunci da aka buga a 2017, kwamitin ladabtar da lauyoyi ya ce sanya Barista a gaban suna bai dace da ɗa'ar aikin ba. Idan mu mutanen gari muka ce "Barista, ina kwana", wannan girmamawa ce, ba laifi. Matsalar ita ce lauya ya buga shi da kansa a takardar kotu ko a allon ofis.

Me ake so ya rubuta? Sunansa, sannan Esq. a ƙarshe. Asalin kalmar a Turai yaron jarumi take nufi, mai riƙe masa garkuwa. Daga baya ta zama ta girmama mutumin kirki, lauyoyin Amurka kuma suka riƙe ta. A bayan suna take zuwa, kuma ba a haɗa ta da Mista a gaba. Maƙwabtanmu na Nijar, da yake tsarin Faransa suka gada, su Maitre suke cewa, kuma a gaban suna yake zuwa.

Sai babban, wato SAN, Babban Lauyan Najeriya. A zamanin Turawa QC ake bayarwa, ma'ana lauyan Sarauniya. Da muka zama jamhuriya a 1963 wannan ya rasa gurbi. A 1975 aka fara ba da SAN, kuma mutum biyu ne suka fara samu: Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas. Folake Solanke ce mace ta farko, a 1981. Sai lauya ya yi aƙalla shekara 10 yana aiki kafin ya nema, kuma kwamitin da Alƙalin Alƙalai yake shugabanta ne yake tantancewa. Wanda ya samu yana sa rigar siliki, yana zama a sahun gaba, kuma ana fara kiran shari'arsa. Shi ma a bayan suna ake rubuta shi.

Amma ku dubi Gani Fawehinmi. Ya shafe shekaru yana kare talakawa, yana shiga kurkuku a mulkin soja, bai samu SAN ba sai a 2001. Tun kafin nan ɗalibai sun riga sun raɗa masa Babban Lauyan Talakawa. Ni dai a ganina, wannan laƙabin da jama'a suka ba shi ya fi nauyi.

To me ya shafe mu? Mu al'umma ce mai son laƙabi, kuma 'yan damfara sun san haka. Mutum zai sa baƙar kwat ya tsaya a harabar kotu, a ce masa Barista, ya karɓi kuɗin beli ko takardun gona a hannun tsohuwar da ɗanta yake tsare. Wanda ya gama digirin shari'a ma bai zama lauya ba sai ya je makarantar lauyoyi an rantsar da shi, kuma yin sojan gona da sunan lauya laifi ne a doka.

Don haka 'yan'uwana matasa, idan za ku raka iyayenku wajen lauya, ku tambayi shekarar da aka rantsar da shi da lambarsa ta Kotun Ƙoli. Ku duba ko takardar da ya sa wa hannu tana ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya. In kuna shakka, ku je reshen ƙungiyar na garinku ku tambaya. Lauyan gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana da shari'a a gabansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya raba mu da sharrin azzalumai.