Wa Zai Je Gidan Mara Lafiya?

Karatu: Yakubu 5:13-16, Matiyu 25:31-46

Yau za mu waiwayi tarihin bishara a ƙasarmu ta Gubuci, Maƙarfi, Ikara da Kudan, domin mu ga abin da za mu koya a kan hidimar marasa lafiya, musamman daga 'yan'uwanmu na ɗarikar Katolika.

Tun farko bishara da ciwo tare suka yi tafiya a nan. A zamanin Likita Mila na mishan ɗin CMS a Zariya, waɗansu daga cikin Isawa suka karɓi Almasihu, suka zauna tare a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe da yawa. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, daga baya Wusasa, inda aka gina asibiti kusa da majami'a.

Fada-fadan Katolika na ƙungiyar SMA kuwa sun kafa mishan a Shendam a 1907. A 1934 Kaduna ta zama cibiyar aikinsu a wannan gefe, sai a Disamba 2000 aka yanke dayosis na Zariya daga Kaduna, Bishop George Dodo ne ya fara riƙe shi. Cikin dukan waɗannan shekaru girbi da yawa yake, ma'aikata kaɗan. Fada ɗaya yakan lura da majami'u masu yawa a ƙauyuka, wata majami'ar sai ta yi makonni ba ta gan shi ba, balle da damina in hanya ta lalace.

To, wa ya riƙe garken? Katikis ne. Shi ke tara jama'a ran Lahadi, ya karanta Maganar Allah da Hausa, ya yi wa'azi, ya koya wa masu shirin baftisma. Shi ake tasa da tsakar dare in ciwo ya yi tsanani. Matan zumunta kuma su ke kai kunu da itace, su share ɗaki, su yi addu'a a bakin gado.

Daga baya shugabanni suka tabbatar da wannan hidima. Bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka gama a 1965, Roma ta fitar da ƙa'ida a 1973 cewa da iznin bishop, mai bi wanda ba fada ba yana iya kai Jibin Ubangiji ga wanda ciwo ya hana shi zuwa sujada. Shafewa da mai kuwa aka bar wa fada. A 1992 Paparoma Yohanna Bulus na biyu, wanda ya taɓa zuwa Kaduna a 1982, ya keɓe 11 ga Fabrairu ta zama ranar tunawa da marasa lafiya.

'Yan'uwa, ko da ɗarikunmu sun bambanta a kan waɗansu koyarwa, Yakubu da mu duka yake magana. Yau muna cika fili in an ce taron warkarwa, amma tsohuwar da ta kasa tashi daga tabarma, wa ya leƙa ta? Wa'azin da aka yi a bagadi bai kai kunnenta ba. In ba wanda ya je, za ta ce ikkilisiya ta manta da ita, ta nemi taimako inda bai kamata ba. Ubangiji kuwa ya nuna mana cewa a ranar shari'a za a tambaye mu wannan ziyara.

Kada mu jira fasto ko fada. A wannan mako kowa ya nemi gida ɗaya, ya je ya karanta Magana, ya yi addu'a, in da hali ya raka mara lafiya asibiti.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu ƙafafun zuwa wurin masu shan wuya, cikin sunan Yesu. Amin.