Yadda ƙwayoyin antiyoksidan suka ba masana kunya

Idan ka taɓa shiga kemis a Dutsin-Ma, ko mai tallan magani ya tare ka a kasuwar Kurfi da kwalbar da wai ke "wanke jini da hana tsufa", to ka gamu da wani ra'ayi da ya kusa shekara 70 a duniya.

A 1956 wani masani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo hasashen cewa tsufa kamar tsatsa ne. Yayin da jikinka ke ƙona abinci da iskar oksijin, wasu ɓaraguzan sinadarai na fita suna cizon ƙwayoyin halitta. Masu kashe kaifinsu su ne antiyoksidan, irin su bitamin C da E. Tunda kuma an lura masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da wasu cututtuka ba, sai aka ce ai sai a ɗura sinadaran a ƙwaya, a huta.

Da aka zo gwaji, sai labari ya sha bamban. A Finlan an bi maza masu shan taba sama da 29,000, kuma a 1994 sakamako ya nuna waɗanda aka ba bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka dakatar da wani gwajin makamancinsa a Amurka tun kafin wa'adinsa, saboda irin wannan illar.

Me ya faru? Ashe ɓaraguzan nan ba duka ne abokan gaba ba. Da su garkuwar jikinka ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma jiki na ƙera nasa masu kariyar. Sannan abin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya ninka na kwanon abinci sau da yawa. Kowa ya san zuma da daɗi, amma ba a shan tulu guda.

Kada ka haɗa wannan da bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara, ko maganin ƙarin jini na masu juna biyu. Waɗannan giɓi suke cikewa, kuma suna ceton rai.

Amma in lafiyarka ƙalau a Karofi, kuɗin kwalbar nan gara ka kai su ga mai zogale, tumatir da miyar kuka. In kuma kana shan taba, ka nisanci ƙwayar bita-karotin.